Famfon Hagu

Litinin, 6 ga Oktoba, bayan La'asar

Yau aka ɗora mana tagwaye. Tulun iska biyu a gadon baya, an haɗa wuyansu da ƙarfe, nauyi kamar ka goya surukarka ranar da ta ƙoshi. Na daɗe ina kai baƙi ƙarƙashin ruwa da tulu ɗaya, ban taɓa jin ƙasa tana jan ƙafata irin na yau ba.

Malama Aika ta tsaya a kan yashi tana bayani. 'Yar Moshi ce, a gindin dutse aka yanke mata cibiya, ita ce yau take koya wa mutanen tsibirin Pemba ruwa. Duniya kenan. Ta ce famfo uku ne a bayan ƙeyarka: na dama, na tsakiya, na hagu. In tiyo ya fashe kana can ƙasa, iska za ta tsere kamar kuɗin ɗan caca, kuma kai da kanka za ka miƙa hannu baya ka rufe ɓangaren da ya fashe, ka dawo gida da abin da ya rage. Wanda hannunsa bai kai ga duka ukun ba, ba zai sauka bangon Njao ba, gangaren dutsen nan mai zurfi a ƙarƙashin teku.

Mai kamfani kuwa ya riga ya yanke: daga ƙarshen watan nan, masu takardar tagwaye ne kaɗai za su riƙa kai baƙi zurfi. Sauran su koma jirgin masu iyo a sama, suna riƙe wa Turawa tawul. Ni, da furfurata. Ni da na yi dillancin kifi a kasuwar Wete har ana cewa Faki zai iya sayar wa teku gishiri.

An haɗa ni da Pandu, ƙanen matata. Da wa za a haɗa ni in ba shi ba? Ni na koya masa buɗe ido a ruwa, ni na kawo shi kamfanin nan yana wanke takalman roba.

Kafaɗa lafiya lau.

Laraba, 8 ga wata, bayan Azahar

Zurfin mita shida, a kan farin yashi, mu huɗu, kowa fuska da fuska da abokinsa, Malama tana kewayawa. Na dama na rufe na buɗe kamar famfon masallaci. Na tsakiya ma haka. Da aka zo na hagu, hannu ya tashi da kyakkyawar niyya, ya kai kunne, ya ce nan kuɗin motarsa ya ƙare.

Malama tana wajen ɗaya biyun. Pandu ya dube ni ta gilashi, ya dubi bayanta, ya zuro hannu ta kan kafaɗata ya murɗa. Ya ɗan jira, ya sake buɗewa. Ko kifi bai lura ba.

A goshin jirgi ya same ni ina cire riga.

"Yaya, tun faɗuwar nan ce ta bara?"

"Wace faɗuwa?"

"Daga bishiyar kanumfari. Wadda ka ce reshe ne ya faɗi, kai rakiya kawai ka yi masa."

"Rigar ce ta matse ni, ɗan rainona. Ɗinkin 'yan China."

"Rigar ta matsi hagu ta bar dama?"

Na ce ya rage murya. Na yi masa ciniki irin na mutunci: ya riƙa tsayawa ta haguna, tsakanina da Malama, ni in ɗaga hannu, shi ya murɗa. Kafin nan kafaɗa ta saki. Ya ce mako ɗaya. Na ce mako ɗaya. Muka tafa.

Juma'a, 10 ga wata, bayan Magariba

Matata Zuwena ta shafa mini man kanumfari. Gidan nan duk ƙamshinsa yake, tabarmi a waje cike da shanya, ni ma a ciki an shanya ni.

"Baban Riziki, ɗaga hannun in gani."

"Hannuna ba ɗan makaranta ba ne da zai riƙa tashi duk lokacin da aka yi tambaya."

Ba ta yi dariya ba. Ta tambaye ni zurfin Njao. Na ce zurfin mace mai tambaya. Ta rufe kwalba ta fita.

Kafaɗa lafiya lau.

Asabar, 11 ga wata, da yamma

Sau uku Pandu ya murɗa min yau, lami lafiya. Malama ta ce, "Faki, kai tsohon hannu ne." Na ce tsohon hannu ai shi ne hannu. Baba Vuai mai tuƙin jirgi ya ce bakina ya fi injinsa gudu, kuma ba ya shan mai.

Pandu bai ci komai a hanyar dawowa ba. Na miƙa masa soyayyen rogo, ya ce ya ƙoshi. Yaron da tun yana ƙarami bai taɓa ƙoshi a gabana ba.

Litinin, 13 ga wata, bayan La'asar

Pandu ya tare ni a bakin ɗakin tuluna.

"Yaya, mako ya kusa cika."

"Makon kasuwa ko na gwamnati?"

"Ka gaya wa Malama da bakinka. Ya fi."

Na zaunar da shi. Na tambaye shi sau nawa ya taɓa ganin tiyo ya fashe tun da ya fara nutso. Ya ce bai taɓa ba. Na ce kuma in ya fashe, me ya sa zai zaɓi hagu, dama ta yi masa laifi ne? In ma ya zaɓi hagu, kai ina za ka tafi, Makka? Ba gefena kake ba? Na tuna masa ranar da na tsamo shi daga igiyar ruwa yana kiran uwarsa. Na tuna masa wanda ya je neman aurensa. Kafin in gama yana ba ni haƙuri.

Har yanzu da sauran dillali a jikina.

Talata, 14 ga wata, da rana

Ba abin rubutawa.

Laraba, 15 ga wata, da hantsi

Ban je ba. Ruwan sama ya sauko, na taya Zuwena kwashe shanya. Da hannu ɗaya, don ɗayan yana riƙe da lema.

Alhamis, 16 ga wata, bayan Azahar

Bari in rubuta, ko na huta.

Ranar Talata mun sauka kamar kullum. Dama, tsakiya. Na ɗaga hannun hagu, Pandu ya zuro nasa, ya rufe. Ina shaƙa ta dama, ina jira ya buɗe. Sai ya ja da baya. Ya rungume hannuwansa a ƙirji. Na ɗauka wasa ne, na yi masa alamar ya bari. Ya juya ya buga tulunsa da ƙarfe, ƙwal, ƙwal, har Malama ta waiwayo. Ya nuna mata ƙeyata.

Ta zo ta tsaya a gabana. Ta taɓa famfon, ta ji a rufe. Ta nuna ni, ta yi alamar murɗawa: buɗe.

Na gwada. Allah ya sani na gwada. Na sunkuyar da kai, na turo tulunan sama da ɗaya hannun, na karkace, ƙafafuna suka tashi, na wuntsila kamar kunkurun da yara suka kifar. Yashi ya turnuƙe. Na gwada da hannun dama ta bayan wuya, tiyon bakina ya nemi ficewa. Su ukun suna shawagi suna kallo. Ta bar ni na daɗe, ko kuwa ni na ji ya daɗe. Daga ƙarshe ta kama ni ta daidaita, ta buɗe da yatsu biyu, ta ɗaga babban yatsa: sama.

A jirgi ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta ce, "Tun yaushe?" Na buɗe baki, Pandu ya riga ni: "Tun ranar farko, Malama. Ni nake murɗa masa." Ta ce shi zai sake duk darussan daga tushe, ni kuma ba zan ƙara goya tagwaye a jirginta ba.

Baba Vuai ya ta da inji. Har muka iso gaɓa ba wanda ya tsokane ni. Wannan ya fi komai ciwo.

Ba tonon asirin ne ya dame ni ba. Da a tudu ya yi, da ya same ta a ofis ya faɗa, da an kira ni, da na san abin da zan ce. Riga, sanyi, kwanciya a kan hannu. A tudu ba a haifi mai kayar da ni ba. Sai ya kai ni inda ba ni da baki, roba a tsakanin haƙorana, ya tsayar da ni a gwanjo ba dillali.

Pandu ba shi da wannan wayon. Na san kansa, ni na raine shi.

Asabar, 18 ga wata, da safe

Pandu ya zo ƙofar gida. Na ce a ce ba na nan. Ya ce yana jin tarina. Na ce a ce tarin ne kawai yake nan.

Ya bar alewar Wete a ƙunshe. Tana kan kanta.

Lahadi, 19 ga wata, bayan La'asar

Na shiga kasuwa don in ji ko labari ya iso. Ya riga ni, har ya sha gahawa. Ina isowa rumfar gwanjo wani tsohon abokin hamayyata ya ɗaga murya: "Jama'a, wanda zai saya ya ɗaga hannu. Faki, kai an yafe maka, ɗaga gira." Aka kwashe da dariya. Na ce masa ni ko da gira na fi shi ciniki, shi da kifinsa ke mutuwa sau biyu, ɗaya a teku ɗaya a hannunsa. Aka sake dariya, na ci wannan. Amma a hanyar dawowa na tsaya na dubi rumfar da kyau, na ga inda zan tsaya in na dawo dillanci. Ƙuda sun riga sun kama min wuri.

Litinin, 20 ga wata, bayan Magariba

Zuwena ta kawo mai. Na ce ta ajiye. Ta zauna duk da haka, tana tsince shinkafa.

Na ce, "Ƙanenki ya yi wayo a kwana ɗaya. Ban san inda ya sayo shi ba."

Ta ci gaba da tsinta.

"Zuwena."

"Ya zo nan ran Litinin da ta wuce kana masallaci. Ya ce ya je maka da gaskiyarsa, ya dawo yana ba ka haƙuri, bai ma san yadda aka yi ba."

"Sai kika ce?"

"Na ce, 'A tudu zai cinye ka da baki, ya cinye Malamar, ya cinye mai kamfanin. Ka yi a ƙasan ruwa.'"

Ta faɗe shi kamar tana gaya min farashin kwakwa. Na ce, ashe hannun da ke shafa min mai shi ke auna ni. Ta ce ƙwarai, kullum tana aunawa, kullum kunne ne iyaka. Na ce ta sayar da ni. Ta ce, "Na saye ka dai. In ka sauka Njao da wannan hannun, ni ce mai takaba, ƙanena kuma shi ne mai shigo min gida da takalmanka a hannu. Ka yi fushi, Baban Riziki. Mai fushi ai yana numfashi."

Ta kayar da ni. A tudu, a gidana, a kan tabarmata. Ban ci abincinta ba, na je na sayi gurasa a bakin hanya, ta kuma bushe.

Talata, 21 ga wata, da hantsi

Ɓeran gida ne ya kira na daji.

Laraba, 22 ga wata, da rana

Ina ta tuna wasu abubuwa. Tambayar zurfin Njao. Rogon da Pandu ya ƙi ci. Yadda Zuwena ta goge min rigar ruwa ranar Talata da safe ta ce Allah ya tsare. Ta san abin da ke jirana, ta ce Allah ya tsare.

Kafaɗa lafiya lau. Ba wanda ya tambaya.

Alhamis, 23 ga wata, bayan La'asar

Malama Aika ta aiko a kira ni. Na sa farar riga, na shirya jawabi tun daga gida, da gabatarwa da kammalawa. Ba ta ba ni kujera ba. Ta kai ni bakin ruwa, ta nuna min tulu biyu a kwance, ba a haɗe ba, kowanne da tiyonsa da agogonsa na auna iska.

Ta ce ba a baya ake goya waɗannan ba, a gefe ake rataya su, ɗaya ƙarƙashin kowace hammata. Famfunan suna gabanka, kana ganinsu. Ka shaƙi wannan, ka sauya ka shaƙi wancan, don kada ɗaya ya yi nauyi ya bar ɗaya. Tulu biyu ne dai, takardarsu kuma tana kai mutum Njao.

Na ce, "Malama, wannan ai mangalar jaki ce."

Ta ce, "Jaki yana dawowa gida."

Na tambaye ta me ya sa ba ta faɗa tun farko ba. Ta ce, "Ka tambaya ne? Ka ce min tsohon hannu ne hannu." Ta ce jarrabawa ranar Asabar ta sama, kuma duk abin da sauran suka koya ni zan fara shi daga farko, in na iya. In ban iya ba, tawul.

Jawabina ya dawo gida da ni ko buɗe shi ba a yi ba.

Asabar, 25 ga wata, da yamma

Mangala tana da wuyar sha'ani. Na manta sauyawa, tulun dama ya yi sauƙi ya tashi, na riƙa iyo a karkace kamar ƙaguwa. Tiyo ya naɗe min wuya. Maƙala ƙugiya a ƙugu da ido rufe, sau ba adadi, har yatsuna suka yi fari. Amma da Malama ta nuna hagu, hannun hagu ya sauko ƙirji, ya kama famfo, ya rufe. Shi kaɗai. Ba na kowa a kai.

Na daɗe ina kallon hannun nan.

Baba Vuai ya ce in na gaji da nutso zai ɗauke ni dakon gawayi, tunda kayan aiki sun samu. Na ji daɗi ya dawo da tsokana. Ban nuna masa ba.

Talata, 28 ga wata, bayan Azahar

Pandu yana ɗaya gefen jirgin yana maimaita darasinsa na yara. Ba ma magana. Yau wajen wanke kaya ya matso.

"Yaya, ka ci alewar?"

Na ci gaba da wanki.

"Yaya, ka zage ni mana. Shirun nan bai yi kama da kai ba."

Na ce, "Ka iya alama da hannu ai. Yi min da hannu."

Ya tsaya da tiyo yana zubar da ruwa a ƙafarsa. Ya ce, "A Njao baƙo ake ba ni in riƙe. In na juya wajensa, tiyonka ya fashe, kafin in waiwayo ka tafi. Kullum sai na yi mafarkinsa." Na ce mafarki kyauta ne, ya ci gaba. Na ɗauki kayana.

Ya yi gaskiya. To, sai me? Wuƙa ma gaskiya take faɗa wa nama.

Alhamis, 30 ga wata, da safe

Na ci abincin Zuwena. Yunwa ba ta san zuciya ba. Magana dai sai ta dole: ina hulata, rufe ƙofa.

Juma'a, 31 ga wata, bayan sallar Juma'a

Malama ta ce gobe biyu-biyun nan na farko ba za a canza su ba: ni da Pandu. Na ce a ba ni kowa, ko Baba Vuai da injinsa. Ta ce, "Wanda ya san inda kake yoyo shi nake so a gefenka."

Asabar, 1 ga Nuwamba, bayan La'asar

Na ci jarrabawa. Mun sauka bango, shuɗi a ƙasa ba iyaka, Malama ta nuna dama na rufe, ta nuna hagu na rufe, na sauya a kan lokaci, muka tsaya inda ake tsayawa a hanyar hawa. Tawul sai wani. Ba wannan nake son rubutawa ba.

Kafin a faɗa ruwa, doka ce kowa ya duba famfunan abokinsa. Nawa suna gabana. Pandu ya miƙo hannu, na riga shi, na murɗa su da kaina yana kallo. Ba mai sake sa min hannu a bayan ƙeya, ko shi ko wani. Ya janye hannunsa a hankali.

Sai ya juya min baya. Ya sunkuyar da kai, tagwayensa a gabana, famfo uku a jere, ƙeyarsa tana zufa. Jirgi yana rawa. Malama tana duba agogo. Baba Vuai ne kaɗai yake kallona, ya ma bar taunar abin da ke bakinsa.

Na duba na dama. Na duba na tsakiya. Na ɗora hannu a kan na hagu.

Ɗan ƙaramin abu ne, bai kai lemon tsami ba. Ya ɗan sha gishiri, yana da tauri. Ban san tsawon lokacin da hannuna ya yi a kai ba, amma na ga tsikar wuyansa ta tashi, kuma bai waiwayo ba. Na murɗa shi har ƙarshe, wajen buɗewa. Na sake gwadawa. Na buga tulun da tafin hannu.

"A buɗe yake, Yaya?"

"A buɗe yake. Ni ba na barin mutum a rufe."

"Na sani," in ji shi, har yanzu bai juyo ba. "Shi ya sa na ba ka baya."

Muka faɗa ruwa, inda ba sai na amsa ba.

Alewa tana nan kan kanta. Zuwena ta ce tururuwa za su riga ni. Na ce su ci. Ɗazu dai na ɗaga ta na mayar cikin kwano mai murfi, don gidan mutum bai kamata ya cika da tururuwa ba.

Ga ta can ta ɗauko kwalbar mai, ta tsaya a bakin ƙofa.

Kafaɗa tana ciwo.